Majalisi na 17: Taɓin Hankali da Haƙƙin Mai Fama da Shi a Kanmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci mutum, Ya girmama shi da hankali, Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, maza da mata, masu saurarenmu a Malbaza da Dogarawa da Galmi da Tsarnawa, da Birnin Ƙonni da Illela, da ƙauyuka da rugage duk inda muryar nan take isa, Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Majalisinmu na yau a kan wasu bayin Allah ne da muke wucewa kullum a tasha da bakin kasuwa da ƙofar masallaci, wasunsu kuma suna kulle a ɗakunan bayan gidajenmu, baƙo ba ya ganinsu. Muna nufin masu taɓin hankali. Za mu yi bayanin wannan ciwo, da abin da shari'a ta yanke a kan mai shi, da abin da ta ɗora mana game da shi. Abin da muke son ku riƙe tun daga farko shi ne: Allah Ya ɗauke alƙalami daga kansu, amma bai ɗauke shi daga kanmu ba, duk abin da muka yi musu ana rubutawa.

Matsayin hankali a shari'a

Malamai sun ce shari'a ta zo domin tsare abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Hankali shi ne turken da aka ɗaure umurni da hani a jikinsa. Don haka duk wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi ko Risala ya san cewa hankali sharaɗi ne a ibada, kuma gushewarsa yana warware alwala. Ya zo a hadisi cewa mutum uku ba a rubuta musu laifi: mai barci kafin ya farka, da yaro kafin ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe kafin ya dawo.

Imam Abu Dawuda ya ruwaito cewa a zamanin halifancin Sayyidina Umar an kawo wata mata mai taɓin hankali da ta yi alfasha, ya yi shawara, ya yi umurni a tsayar mata da haddi. Ana tafiya da ita sai Sayyidina Aliyu ya gamu da su, ya sa aka mayar da ita, ya tunatar da halifa wannan hadisi. Sayyidina Umar ya sake ta, yana ta kabbara. Ku dubi wannan, ƴan uwa. Halifan da sarakunan Farisa da Rum suke jin tsoro ya janye hannunsa daga mace marar gata saboda hankalinta ba cikakke ba ne. To, ina hujjar ɗayanmu da zai ɗauki sanda ya bugi ƙanensa marar lafiya don ya fasa tulu ko ya zagi maƙwabci?

Ciwon ba iri ɗaya ba ne

A bakinmu kalma ɗaya ce, hauka, kuma ba mu faɗinta sai mutum ya tuɓe riga ya shiga kasuwa. Masana harkar lafiya kuwa sun rarrabe shi gida gida, kuma mafi yawansa ɓoye yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana ɗauke da wani nau'i nasa. Da wuya a samu sahu a masallaci da babu mai shi a ciki.

Akwai wanda yake jin muryoyi suna yi masa magana alhali babu kowa, ko ya tabbatar wa kansa cewa an sa masa guba a abinci, ko ana bin sa za a kashe shi. Wannan ya fi kama matasa, kuma ba ya faɗowa rana ɗaya. Yakan fara da rashin barci, da ƙaurace wa mutane, da barin wanka da aiki, da dariya ko magana shi kaɗai. A wannan lokaci ne magani ya fi amfani, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai wanda ciwonsa yake zuwa kamar damina da rani. Wani lokaci ya tashi da ƙarfi, ba barci, ba gajiya, surutu ba iyaka, ya rabar da jarinsa cikin mako guda, ya ce shi sarki ne ko waliyyi. Bayan haka sai ya faɗi, ya shiga ɗaki wata da watanni ba ya son ganin kowa.

Akwai baƙin ciki mai nauyi da yake zaune wa mutum a ƙirji. Abinci ba daɗi, barci ba ya zuwa, yana ganin kansa ba shi da amfani, har ya riƙa jin mutuwa ta fi masa. Irin wannan muna yawan ce masa rago, ko mu ce imaninsa ne ya yi rauni. Mu yi hattara da wannan magana. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙubu, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har idanunsa suka yi fari, kuma shi Annabi ne ɗan Annabi. Ya ba mu labarin Nana Maryamu, wadda tsananin hali lokacin naƙuda ya kai ta ga burin da ma ta mutu kafin wannan rana. Malaman tarihi suna kiran shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalibi suka rasu shekarar baƙin ciki. Idan zukatan zaɓaɓɓu sun ji nauyi, ba aibi ba ne ga zuciyar ɗayanmu ta ji.

Akwai tsoro da faɗuwar gaba ba dalili, da waswasi, wanda za ka ga mutum ya ƙarar da buta uku bai gama alwala ba, ko ya yi ta maimaita kabbarar harama har liman ya yi ruku'u. Malamanmu na Malikiyya sun san wannan, suka ce wanda shakka ta zame masa jiki ya yi watsi da ita ya ci gaba da sallarsa. Akwai ruɗewar da takan sami mace a kwanakin jego, ta ƙi barci, ta ƙi jaririnta, ko ta riƙa faɗin abin da ba shi da kai. Wannan yana bukatar a gaggauta kai ta asibiti, domin ita da jaririn suna cikin haɗari, kuma da yardar Allah tana warkewa. Akwai kuma gigin tsufa, inda uwa take mance sunan ɗan da ta haifa. Kaiton wanda ya kira irin wannan tsohuwa mayya.

Farfaɗiya kuwa ciwo ne dabam, ba hauka ba ce, kuma ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa mai ita. Mutane nawa suka ƙone a murhu ko suka nutse a tafki saboda waɗanda ke kusa sun gudu suna tsoron kumfar bakinsu? Idan ta tashi, a janye shi daga wuta da ruwa, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a juya shi a gefensa idan jijjigar ta lafa, kada a tura masa cokali ko ruwa a baki. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wata baiwar Allah mai farfaɗiya da ta kai kukanta ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta zaɓi haƙuri aka yi mata albishir da Aljanna, ta kuma roƙi addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa idan ta faɗi, aka yi mata. Ibn Abbas yana nuna ta ga almajirinsa a matsayin ƴar Aljanna mai tafiya a doron ƙasa.

Daga ina yake zuwa?

Komai da ƙaddarar Allah yake, amma Allah Ya sanya wa abubuwa sabubba. Ƙwaƙwalwa tsoka ce cikin jiki, tana ciwo kamar yadda hanta da ƙoda suke yi. Wani yana gadon saurin kamuwa, kamar yadda ake gadon ciwon suga, ba kuwa dole ne duk ɗan mai ciwon ya kamu ba. Wani zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai yana yaro, wani sanƙarau ne da muka sani a watannin zafi, wani faɗuwa ce daga babur a kan kwalta.

Wani kuma abin da idonsa ya gani ne. Ƙasarmu ta Adar ƙasar ƴan ci-rani ce. Samarinmu suna tafiya Najeriya da Abijan da Libiya da Aljeriya, wasu su dawo da arziki, wasu su dawo shiru, sun sha ɗauri da duka, ko sun binne abokan tafiya a cikin sahara. Haka waɗanda ɓarayin daji suka kama a garuruwan bakin iyaka, ko aka kashe nasu a gabansu. Irin waɗannan sukan firgita cikin barci, ƙarar babur kaɗai ta sa su rawar jiki.

Sai babbar musibar zamaninmu, kayan maye: tiramol da wiwi da sholisho da sauran ƙwayoyi. Yaro ɗan kabu-kabu, ko mai dakon siminti, ko mai aikin gonar albasa, ana ce masa ƙwaya ɗaya za ta sa ya yi aikin mutum biyu. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama kati guda, ƙarshenta jijjiga da zaucewa. Wanda ya sha da gangan ya yi saɓo, wanda ya sayar masa ya fi shi zunubi. Amma idan ciwo ya riga ya kama shi ya zama majinyaci, kuma ƙofar tuba da ta magani duk a buɗe suke.

Za ku ce, ina aljannu, ina sihiri, ina kambun baka? Mun yi imani da samuwar aljannu domin Alƙur'ani ya tabbatar da su, kuma sihiri da kambun baka sun zo a nassi. Abin da ba mu da hujja a kansa shi ne mu ce duk wanda ya zauce aljani ne ya shige shi, ko kishiya ce ta yi masa asiri. Wannan gaibu ne, wa ya sanar da mu? Gidaje nawa suka watse, zumunci nawa ya yanke, saboda boka ya buga ƙasa ya ce wance ce? Zato irin wannan zunubi ne a kan musiba.

Hukunce-hukuncen da suka shafe shi

A mazhabar Imamu Malik, sallolin da lokacinsu ya fita mutum ba ya cikin hankalinsa babu ramuwarsu. Azumi kuwa ba ya inganta daga gare shi a wannan hali, kuma ba a tilasta masa, amma idan Allah Ya ba shi lafiya zai rama, ko da shekarun suna da yawa, kamar yadda Shaihu Halil ya tabbatar a Muhtasar. Zai rama a hankali gwargwadon ikonsa. Zakka tana wajaba a dukiyarsa idan ta kai nisabi, waliyyinsa ne zai fitar. Zakkar fidda kai tana kan wanda ciyar da shi yake wuyansa, kada a tsallake shi wajen awo.

Sakin da ya furta cikin ciwo bai auku ba, matarsa tana nan matarsa. Cinikinsa da kyautarsa ba sa zartuwa. Wanda ya sayi gona ko saniya a hannun mutum alhali ya san ba ya cikin hayyacinsa, ya sani haram ya ci. Idan ya yi ɓarna ana biya daga dukiyarsa, idan ya yi kisa ba a yi masa ƙisasi, ana ɗaukar aikinsa a matsayin kuskure. Gādonsa kuwa cikakke ne, ba a rage masa ko ƙwayar gero. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta hana a miƙa dukiya ga wanda ba zai iya riƙe ta ba, amma a nan take ta yi umurni a ciyar da shi daga cikinta, a tufatar da shi, a yi masa magana mai daɗi. Waliyyi mai tsaro ne, ba magaji ba ne.

A babin aure, wannan ciwo yana cikin aibobin da suke ba ɗayan ma'aurata zaɓi idan an ɓoye masa kafin ɗaurin aure. Don haka gaskiya ta wajaba a kan iyaye, kuma kuskure ne a yi wa marar lafiya aure da sunan aure zai warkar da shi, alhali ba a gaya wa yarinya da iyayenta ba. Idan kuwa ciwon ya sami miji bayan aure, malamai sun ce alƙali ya ba shi shekara guda domin neman magani kafin a ba matar zaɓi. Ku lura da wannan shekara. Da malaman fiƙihu suna ganin ciwon ba ya warkewa, da ba su yanka masa wa'adin jinya ba.

Azumi da shan magani

Wannan mas'ala tana zuwa mana duk shekara. Mutum ya samu sauƙi da maganin asibiti, watan azumi ya kama, ya ajiye magani don kada ya sha azumi, ga tsayuwar dare da rashin barci, kafin Salla ciwo ya dawo fiye da da. Ƴan uwa, Allah Ya yi wa majinyaci rangwame a cikin ayoyin azumi kansu. Malamanmu sun ce idan mutum ya ji tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa, bisa faɗar likita masani ko abin da ya jarraba a jikinsa, ya halatta ya sha azumi. Idan kuwa ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan ya zama wajibi.

Abin yi shi ne a koma wurin likitan da ya rubuta maganin tun cikin Sha'aban, a tambaye shi ko za a iya mayar da shan zuwa buɗa baki da sahur. Idan ya ce za a iya, alhamdu lillahi. Idan ya ce ba za a iya ba, a sha magani, a rama azumi daga baya. Allurar da ake yi wa wasu wata wata, wadda ba ta abinci ba ce, malamai da yawa sun yi fatawar ba ta karya azumi. Kuma mai wannan ciwo ya ba jikinsa haƙƙinsa na barci. Raka'a biyu da lafiya sun fi masa raya dare da zai ƙare a ɗaure.

Laifuffukanmu game da su

Na farko izgili. Yara su bi mutum da jifa da waƙa, manya suna zaune a inuwa suna dariya, wani ma ya tsokane shi don majalisa ta yi nishaɗi, yanzu kuma har a ɗauke shi a waya a watsa. Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana izgili da jifa da munanan laƙubba, kuma ba ta ware marar lafiya ba. Ku tuna cewa mahaukaci shi ne sunan da kafirai suka jefi Annabawa da shi domin su zubar da darajarsu. Uban da ya ga ɗansa da dutse bai tsawata ba, yana da kaso a cikin jinin da ya zuba.

Imam Muslim ya ruwaito daga Anas cewa wata mata da take da wani abu a hankalinta ta tare Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce tana da bukata wurinsa. Ya kira ta da alkunya ta girmamawa, ya ba ta zaɓin duk hanyar da take so su tsaya, ya tsaya da ita yana saurare har ta gama. Shugaban halitta ke nan, ga al'umma duka a wuyansa. Wannan ita ce sunna.

Na biyu turu da mari. Mun san akwai gidajen da mutum ya shekara biyar ko goma da sasari a ƙafa, yana kwance inda yake bawali, ana miƙa masa tuwo daga nesa, har ƙafa ta ruɓe. Mun san kuma iyalai da yawa ba mugunta ta sa su ba, tsoro ne da gajiya da rashin sanin inda za su nufa. Amma ɗauri ba ya warkar da kowa. A watan Satumba na 2019 ƴan sanda sun buɗe wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya, bayan haka aka buɗe wani a Daura. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna zaton gyara ake yi. Hadisi ya gaya mana mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa. Idan wannan haƙƙin kyanwa ne, yaya na ɗan Adam? Idan majinyaci ya tashi zai cuci kansa ko wani, a riƙe shi da taushi gwargwadon lalura, a kai shi inda za a yi masa allurar da za ta kwantar da shi. Riƙon sa'o'i domin kai shi magani dabam, ɗaurin shekaru dabam.

Na uku, wanda harshe yake jin nauyin faɗa: mace marar lafiya tana yawo a tasha, bayan watanni a gan ta da ciki. Ita alƙalami ya ɗauke mata. Wanda ya yi mata kuwa, wataƙila yana sahun gaba, ya sani ya haɗa alfasha da zalunci a kan wadda ba ta iya kare kanta ba, kuma akwai ranar da za ta tsaya gabansa da cikakken hankali.

Na huɗu ɓoyo. Ana jin kunya kada a ce gidan wane akwai hauka, kada ƴan mata su rasa miji. Sai a kulle shi har ciwo ya yi jijiya. Mu da muke ƙin auren ƴar gidan, mu muka koya musu ɓoyon. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ina magani?

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci bayin Allah su nemi magani, kuma shi da kansa yana neman tsari daga hauka da damuwa da baƙin ciki. Addu'a da ruƙya da Alƙur'ani da sunayen Allah gaskiya ne, a yi su safe da yamma, tare da sakankancewa cewa Allah ne Mai warkarwa. Abin da ba ya halatta shi ne yanka don aljani, da girka, da dukan majinyaci da sunan ana dukan aljani, da turara masa hayaƙin da zai shaƙe shi, da keɓewa da matar mutane. Duk malamin da ya ce a ajiye maganin asibiti in ana son nasa ya ci, ku bar wurinsa. Wanda ya karye a cikinmu muna yi masa addu'a, kuma muna ɗaukarsa zuwa ga mai ɗori ko asibitin Galmi ko na Ƙonni, ba wanda ya ce mun raina addu'a. Haka ciwon ƙwaƙwalwa yake.

Kada wani ya zaci wannan ilimi baƙo ne a Musulunci. Abu Zaidin al-Balhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan hijira, ya wallafa littafi a kan gyaran jiki da rai, ya yi bayanin tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi, ya rarrabe baƙin cikin da yake da sanannen dalili da wanda yake tasowa daga jiki yana bukatar magani. Sarki Mansur Ƙalawun ya gina babban asibiti a Alƙahira a shekarar 1284 ta miladiyya, wakafi ne, ana jinya kyauta, kuma akwai sashen masu taɓin hankali a ciki. A nan kusa da mu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai a fannin magani. A ƙasar Yarbawa kuma, a 1954, wani likita mai suna Lambo ya fara zaunar da majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abekuta, kowane da ɗan uwansa guda yana kula da shi, suna shan magani suna cikin mutane, aka ga amfanin hakan har labarinsa ya kai ƙasashe. Magani tare da dangi ya fi magani a kaɗaice.

A fara da asibitin da ya fi kusa, a gaya wa ma'aikacin lafiya komai, har da abin da yaron yake sha, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Su za su nuna inda za a wuce, ko Ƙonni ko Tawa. A babban asibitin ƙasa na Yamai akwai sashen wannan ciwo da ake kira Pavillon E, a ƙetaren iyaka kuma akwai asibitin Kware a kan hanyar Sakkwato. Sunayen waɗannan wurare sun zama abin zolaya a bakin wasu, alhali gidajen jinya ne kamar sauran. A sani kuma maganin yana son haƙuri. Yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, wani zai sha watanni, wani shekaru, kamar mai hawan jini. Idan ya kawo sanƙarewar wuya ko rawar hannu ko yawan barci, a koma wurin likita ya gyara, kada a yanke shi kai tsaye, kada kuma a saya wurin masu talla a kasuwa.

Idan kun ji ɗayanku yana cewa ya gaji da duniya, gara ya mutu, kada ku ce wasa yake, kada kuma ku rufe shi da faɗa. Ku zauna ku saurare shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da igiya da wuƙa da maganin ƙwarin gona daga kusa da shi, a kai shi asibiti ranar. Kashe kai babban zunubi ne ga mai hankali. Wanda ciwo ya rinjayi hankalinsa kuwa al'amarinsa yana ga Allah, kuma Risala ta bayyana cewa ana yi wa wanda ya kashe kansa salla. A yi wa iyalansa ta'aziyya kamar kowa.

Abin da muke roƙonku a sauran kwanakin nan

Kowane masallaci ya san marasa lafiyar unguwarsa. Liman da mai gari da dattawa su ziyarci gidajen da aka ɗaure wani, da lallashi ba da tozartawa ba, su taimaka a kai shi magani. Yamai ta fi kilomita 400 daga nan, kuɗin mota da na magani suna gagarar talaka. Iyalin da wannan nauyi ya durƙusar suna cikin waɗanda zakka ta halatta gare su, mai albasa da mai shago da mai mota su tuna da su. Wadda take jinyar ɗanta shekara da shekaru, maƙwabta su karɓe ta ko da yini guda ta huta. Wanda ba shi da kowa, ciyar da shi da suturta shi farilla ce a kan jama'ar gari, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Idan ana rabon abincin buɗa baki a kai masa nasa a kwano mai tsabta, idan ana ɗinkin Salla a auna shi.

Wanda Allah Ya ba sauƙi kuma a karɓe shi. Hankalinsa ya dawo, hukuncinsa ya dawo: cinikinsa ya inganta, a mayar masa da gonarsa da dukiyarsa, a ba shi aiki, a ba shi wuri a sahu da majalisa, a daina kiran sa da sunan ciwonsa. Babu ɗayanmu da ya karɓi takardar alkawari cewa zai mutu da hankalinsa. Zazzaɓin dare ɗaya ya isa.

Ya Allah, Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti da na kan hanya. Ya Allah, Ka kwance waɗanda ke ɗaure, Ka ba masu jinyarsu haƙuri da lada. Ka shiryi matasanmu, Ka raba su da kayan maye, Ka dawo da matafiyanmu lafiya. Ka jiyar da mu daɗin hankulanmu da jinmu da ganinmu muddin muna raye, Ka yafe mana abin da muka tauye na haƙƙin raunana. Ka sa mu cikin ƴantattun wannan wata. Allah ne Mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Sai gobe idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.